Hure, Mai Ɗinka wa Fatalwa Riga

Idan ka bar babban titin Mansur na Makka ta wajen masu tsire, ka kama hawan nan da mota ba ta iya shiga, za ka tarar da wani gida mai hawa uku da fentinsa ya daɗe da saɓulewa. A hawa na biyu nake zaune, ni Nasiha mai waina. A samana Hure take, kuma shekara da shekaru ƙarar keken ɗinkinta ce ke fara ratsa rufin ɗakina da safe.

'Yar Maraɗi ce. Ta zo aikin hajji da mijinta tun tana da ƙuruciya, aka gama aka watse, su suka zauna. Mijin ya yi dako, ya yi turin tsofaffi a keke a Harami, daga baya ciwon suga ya kwantar da shi, ya rasu a nan Makka. Allah bai ba su haihuwa ba. Hure ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka duniyarta ba ta wuce Mansur da Harami da gidajen da take kai ɗinki ba. Amma a cikin wannan 'yar duniyar babu abin da ya tsira daga tambayarta. Ta taɓa tsayar da layin masu sayen gurasa don ta ji dalilin da ya sa ƙullin ba ya faɗowa daga bangon tanderu. Ta taɓa bin wata alhajiya 'yar Indonesiya har bakin masauki tana juya gefen hijabinta, tana son ta gane yadda aka kalmashe shi. Matan unguwa Hure Don-mi suke ce mata, ba ta kuma jin haushi.

Sana'arta rigunan amare. Shagunan ɗinkin mata, waɗanda nan ake ce wa mashgal, suna aiko mata da aikin hannu, jera duwatsu da ɗinke leshi. Tana kuma da nata mutanen cikin Hausawan Makka, waɗanda ba sa aurar da 'ya sai rigar ta bi ta hannunta.

Daga cikin waɗannan gidajen Manal ta fito. Kakanta Bakano ne da ya zo Makka tun zamanin tafiyar ƙasa, ita kuwa 'yar ƙasa ce haihuwar unguwar Zahir. Tana jin Hausa, amma in ta yi jimla biyu sai ta zame cikin Larabci. Hure ce ta ɗinka rigar auren uwarta. Manal tana aiki a Jidda, a wani wurin motsa jiki na mata zalla, kuma ran nan da hantsi ta hawo benenmu rungume da ƙullin farin yadi. Ina sama a lokacin, na kai wa Hure waina.

“Khala, aiki na kawo miki,” in ji Manal, don haka ake kiran inna da Larabci. “Amma ba na aure ba ne. Na bale ne.”

“Balle mi?”

“Ba balle ba, Khala. Bale. Wata rawa ce ta Turawa. Akwai malama a wurinmu, Abla Ghada, tana koya wa yara mata. Za su yi wa iyayensu mata wasa a ƙarshen shekara.”

Ta buɗe waya ta nuna mana hoto. 'Yan mata ne a jere cikin fararen riguna masu sauka har ƙwauri, sun harɗe hannuwa a ƙirji, bayansu wani daji mai shuɗin duhu. Kowacce a kan tsinin yatsun ƙafarta take tsaye. Hure ta karɓi wayar ta kai kusa da hanci.

“Igiya aka ɗaura musu daga sama?”

“A'a, Khala.”

“To hoton ƙarya ne. Ɗan Adam ba shi tsayuwa haka.”

Yadin dai ta san shi. Tul ne, mai raga-raga kamar gidan sauro, wanda take cusawa a ƙarƙashin rigar kowace amarya. Ta ce a ba ta kwana kaɗan ta yi guda ɗaya a gani. Ta yi kuwa, ta zuba duk abin da ta iya. Ta yi mata shafi da satin, ta sa waya a gindin don ta buɗe, ta jera ƙananan duwatsu a wuya. Da ta rataye ta a ƙofa ni kaina sai da na yi guɗa.

Manal ta kai Jidda, ta dawo da ita, haɗe da saƙon murya daga Ghada. Muryar mai laushi ce, da Larabcin mutanen Jidda. Ta ce rigar ta yi kyau ƙwarai, duk amaryar da ta samu irinta ta dace. “Amma, Khala Hure, wannan rigar tsaye take da kanta. Ni so nake idan yarinya ta tsaya cak, rigar ta ɗan ci gaba da tafiya. Waɗanda suke sa ta a labarin ba su da nauyi. Amare ne da suka mutu kafin a kai su ɗaki.”

Hure ta yi salati. Ta naɗe yadin ta jefa kan kabad, ta ce wa Manal ta je, za ta yi tunani.

Na zaci maganar ta mutu ke nan. Amma ban jima ba na gane ba tsoro ne ya fi damunta ba. Ta sauko wurina ina kan tanda, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Nasiha, wane irin mutane ne za su zauna su ce bari mu yi wa matattu rawa? Mi ya kai su? Kuma don mi sai amare?” Na ce mata ni waina na sani.

Wanda ya sha wahalar tambayoyin nan shi ne Issoufou, ƙanin marigayi mijinta. Lodin kayan alhazai yake yi a tashar Kudai, kuma shi kaɗai ne a danginsu ya yi lakwal, wato boko, a Nijar, har yau da rubutun Faransa yake rubuta sunansa. Duk Juma'a bayan la'asar yakan zo gaishe ta, ya zauna a kan matakala da kofin shayi, ita tana daga ciki. Hure ta sa Manal ta tura masa sunan rawar a waya. Sunan wata yarinya ne, harshen Hure ya ƙi shi, don haka “yarinyar” kawai take cewa.

“Yaya Hure, da furfurata za ki sa ni karatun rawa?”

“Faransancin da ka koyo, ban da wannan mi ya taɓa tsinana mana? Karanta.”

Ya gyara tabarau, yana karantawa yana juya mata da Hausa, ni ina daga ƙasan matakala ina ji. Labarin wata yarinyar ƙauye ce mai son rawa, mai raunin zuciya. Wani ɗan sarauta ya ɓad da kama, ya sa kayan talakawa, ya zo yana nemanta, alhali an riga an yi masa baiko da wata a gidansu. Ranar da asiri ya tonu yarinyar ta zautu, zuciyarta ta tsaya. Aka binne ta a daji. A dajin nan kuwa akwai fatalwowin 'yan matan da suka mutu kafin aurensu, suna tashi cikin fararen kaya, duk namijin da suka kama sai su sa shi rawa har ya faɗi matacce. Ɗan sarautar ya zo kabarinta yana nadama, suka kama shi. Ita yarinyar, maimakon ta taya su, sai ta tsaya tsakaninsa da su, tana taya shi rawar tana ba shi numfashi, har alfijir ya keto suka ɓace.

Hure ta tafa hannu. “Ashe tatsuniya ce! Gatanan ce sak, sai dai su da ƙafa suke faɗinta. Kakata ma tana ba mu labarin matan kurmi masu kiran maza da suna.” Sai kuma ta ɓata rai. “Amma don mi ta cece shi? Ƙarya fa ya yi mata.”

“Yafiya ce, Yaya.”

“Kai namiji ne, dole ka ce haka. Da ni ce, ko ban kashe shi ba sai ya yi rawar ya ji a jikinsa.”

Suka yi ta musu har aka kira magariba. Juma'ar da ta biyo baya ba labarin ta nema ba, asalinsa ta nema. Issoufou ya tono mata. A birnin Paris aka fara yin wasan, shekaru kusan ɗari biyu da suka wuce. Wani marubuci ne ya ci karo da zancen fatalwowin a littafin wani Bajamushe, shi ma Bajamushen daga bakin mutanen ƙauye na gabashin Turai ya samo. Wadda ta fara taka rawar yarinyar kuwa 'yar Italiya ce.

“To ina na Faransa a ciki?” in ji Hure.

“Su suka haɗa miyar,” in ji Issoufou.

Ya ci gaba da cewa a wancan zamanin babu lantarki, da fitilun gas ake haska dandalin, ana rage su har su yi kama da farin wata. Shi ya sa ake yin rigunan da siririn yadi, falle bisa falle, don hasken ya ratsa su, mai kallo ya kasa gane inda riga ta ƙare da inda iska ta fara. Ya ce har an samu masu rawa da rigunansu suka taɓa fitila suka kama da wuta. Hure ta dafe ƙirji ta ce, “Allah sarki, ɗiyan mutane.” Amma na ga idonta ya koma kan kabad.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne na ƙarshe. Bayan wasu shekaru mutanen Paris suka gaji da wasan suka ajiye shi. A Rasha aka riƙe shi, malami yana koya wa ɗalibi, ana gyarawa ana ƙarawa, sai da aka yi shekaru masu yawa sannan 'yan Rasha suka kawo shi Paris, masu shi suka zo suna kallo kamar baƙo.

“Rawar ta yi zaman Takari irin namu ke nan,” in ji Hure. “Ita dai ta koma gida.”

Issoufou ya shanye shayinsa.

Ba wai daga nan ta hau keken ɗinki ba. Sai da ta je wurin malamar da ke yi mana karatu a unguwa ta zayyana mata komai. Malamar ta ce ita rawa ba abin da za ta kwaɗaitar da kowa ba ce, kuma matacce ba ya dawowa, wannan Hure ta sani. Amma tufafin da zai rufe jikin yara a tsakanin mata 'yan uwansu, ta duba zuciyarta. Hure ta duba. Ta aika wa Ghada cewa za ta yi, da sharaɗin ta ƙara tsawo ta kuma sa hannu. Ghada ta ce ta yarda, in dai hannun ma zai yi shara-shara. Wasu matan unguwa sun yi tsegumi, har akwai wadda ta fasa kawo ɗinkin 'yarta. Hure ta ji zafin wannan, ta faɗa mini, amma ba ta fasa ba.

Daga nan ɗakinta ya koma wani abu dabam. Ta cire shafi, ta cire waya, ta cire duwatsu. Ta wanke tul ɗin don sitacinsa ya fita, ya yi laushi fiye da kima, ya manne a jiki. Ta gwada wanda ba a wanke ba, ya tsaya ƙiƙam. Ta haɗa su, mai tauri a ciki, mai laushi a waje. Ta yanka a miƙe, ta yanka a karkace. Duk wanda ta gama sai ta rataye shi gaban fanka ta tsaya tana kallo. Da ta ga fanka ba mutum ba ce, sai ta leƙo ta taga ta ƙwala mini kira.

“Nasiha, zo ki juya mini.”

Ni da nake cika ƙofa. Ta ɗaura mini siket ɗin a kan zanena da igiya, ta ce in yi taku uku in tsaya. Na yi. Ta ce in sake. Muka yi ta yi muna dariya har hawaye, ina haki, tana tsugune tana kallon gindin rigar kawai. Can sai ta ce, “Tsaya!” Na tsaya. Muka ga yadin ya ɗan wuce ni, sannan ya dawo a hankali ya kwanta. Ta ce, “Yauwa. Abin da matar nan take faɗi ke nan.”

Saura gwaji a jikin masu shi. Hure ba za ta iya zuwa Jidda ba, saboda akwai shingen bincike a hanya, wanda ba shi da takarda in ya fita ba lallai ya dawo ba. Manal ta gaya wa Ghada haka a sarari. Ghada ta ce to su za su zo. Aka shirya ranar Asabar za su yi umara da wasu daga cikin yaran da iyayensu mata, daga nan su biya gidan su Manal a Zahir. Hure ta ce in raka ta in riƙe mata kaya.

Ghada siririya ce, ba ta kai arba'in ba, tana tafiya kamar an ɗora mata tulu a ka. Ta sumbaci Hure a goshi. Aka naɗe kafet ɗin falo, aka tura kujeru bango, aka rufe ƙofa. Yaran suka sa rigunan suna ta kallon juna. Babbarsu, Afnan, wadda za ta fito a matsayin yarinyar, ta zauna a ƙasa ta ciro wasu takalma masu ruwan hoda ta fara naɗe igiyoyinsu a idon sawu.

Ghada ta kunna kiɗa a waya, a hankali. Afnan ta miƙe, ta harɗe hannu a ƙirji, sai kawai muka ga ta ƙara tsawo. Ta hau kan tsinin yatsunta, ta fara tafiya da wasu 'yan ƙananan taku masu sauri da ido ba ya rabewa, ta ratsa falon daga wannan bango zuwa wancan kamar ana jan ta a kan ruwa. Hasken taga ya bi ta cikin rigar. Da ta tsaya, rigar ta ci gaba kaɗan.

Hure ta ɗaga kai ta dubi silin. Wallahi na gan ta, igiya take nema. Sannan ta ce da Larabcinta na kasuwa, “Zo nan, ɗiyata. Ba ni takalmin.”

Afnan ta kwance ta miƙa mata. Hure ta ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ya yi ƙara kamar ƙoƙo. Ta tambaya ko katako ne. Ghada ta ce a'a, yadi ne da manne, falle bisa falle, har ya yi tauri. Ta tambaya wanne ne na dama. Aka ce babu dama babu hagu, ƙafa ce ke koya masa. Ta juya shi ta shinshina, ta leƙa ciki. Daga nan ta ce a nuna mata ƙafar. Yarinyar ta ji kunya, amma ta miƙo. Yatsun duk kanta ne da bororo, an naɗe biyu da filasta, farcen babban ya yi baƙi.

Hure ta riƙe ƙafar a tafin hannunta ta daɗe. “Da ciwo?”

“Da ciwo, Khala.”

“To don mi kike yi?”

Afnan ta yi tunani, ta ce, “In na hau sama, mantawa nake.”

Hure ta girgiza kai, ba alamar ƙi ba, ba ta yarda ba. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗanya da take shafa wa hannunta in allura ta cinye shi, ta ba yarinyar ta ce ta riƙa shafawa kafin ta kwanta. Sauran yinin kuwa Ghada ce ta sha tambaya. Wa ya koya mata? Shi kuma wa ya koya masa? Ghada ta lissafa malamarta a ƙasar waje, da malamar malamarta 'yar Rasha, daga nan ta ce ba ta sani ba. Hure ta ce ya kamata ta bincika, mutum ya san salsalar abin da yake koyarwa.

An yi wasan a Jidda, a wani zaure na mata. Hure ba ta je ba. Washegari Manal ta kawo mata a waya, muka taru a ɗakinta da rana, har Issoufou daga matakala yana tambaya ko an kashe ɗan sarautar. Ba a bar shi ya gani ba, labari kawai aka ba shi. Wata doguwar yarinya ce ta fito a ɗan sarautar, da hula. Hure ta kalla sau biyu. Na farko labarin ta kalla, ta yi ƙwalla wurin da yarinyar ta zautu. Na biyu riguna ta kalla, ta gano guda ɗaya da gindinta ya karkace, ta ce a dawo mata da ita.

Tun daga shekarar ita ke yi wa Ghada ɗinki, ba ta kuma bar na amare ba. Abin da ban zata ba shi ne inda labarin ya bi. Yaran gidanmu da na maƙwabta, waɗanda Hausarsu duk ta koma Larabci, sukan taru a ɗakinta in an taso daga makaranta, tana ɗinki tana ba su tatsuniya. Yanzu wadda suka fi nema ita ce ta amaren kurmi. A bakin Hure yarinyar 'yar wani ƙauye ce kusa da Maraɗi, tana tallan nono, saurayin kuma ɗan mai gari ne da ya ari rigar makiyayi. Ta bar yafiyar yadda take, don ta ce ba ita ta ƙaga labarin ba balle ta sauya shi, amma tana sa shi ya yi rawa har takalmansa su tsinke. Na ji jikata tana ba wa ƙawarta shi a bakin famfo, rabi da Hausa rabi da Larabci, ta ƙara masa kare.

Idon Hure ya fara yin hazo bara, yanzu ni ke zura mata zare a allura. Wannan shekarar Ghada ta aiko cewa wasan da za su yi na tsuntsaye ne, ana son gashin tsuntsu a kafaɗa da ka. Hure ta ce tantabarun Makka dai ba mai taɓa su, don haka ta aiki Issoufou wurin masu yankan kaji a Kudai ya samo mata farare. Ya kawo buhu guda yana mita. Ta wanke su da sabulu ta shanya a kan rufin gida, iska ta kwashe rabi ta watsa wa unguwa. Jiya da na hau, na same ta zaune a tsakiyar sauran tana ware manya da ƙanana, tana jiran Juma'a Issoufou ya zo ya karanta mata ko su waye tsuntsayen.